Gonarmu Ta Zama Ta Tarayya

Shekarar da soja suka koma bariki, ni ne na fi kowa hayaniya a Ƙofar Durbi. Ina koyarwa a firamare, na yi zaɓe karon farko a rayuwata, kuma gani nake duk ƙasar a aljihuna take. Ana cikin wannan murna sai labari ya zo cewa gwamnatin jiha ta ba gwamnatin tarayya fili a bayan gari, za a kafa doguwar hasumiyar ƙarfe mai jar fitila a kanta don jiragen sama. Da masu awo suka zo da turakun siminti, ashe gonar Baba ce a tsakiyar filin.

Wallahi daɗi kamar ya kashe ni. A teburin mai shayi, a masallaci, har a aji, ba ni da zance sai gonarmu ta zama ta tarayya. Inna ta ce in na ci gaba haka, wata rana ni ma jar fitila za a ɗora mini a ka.

Baba ne kaɗai bai yi dariya ba, kuma ba diyya ce damuwarsa ba, don an biya shi. Akwai wani Ardo, Bafulatani, da ke sauka da shanunsa a gonar nan duk bayan girbi, su ci kara su bar mana taki. Tun iyayensu ake haka. Bara da za su rabu Baba ya ce masa sai baɗi, Ardo ya ce in Allah ya kai mu. Yanzu ga kaka ta matso, mutumin yana can daji bai san an kewaye gonar da waya ba.

"Da wane baki zan ce mashi ya koma?" in ji Baba.

Na ce ya kwantar da hankalinsa, ai yanzu mulkin farar hula ne, namu ne ke sama. Na sa babbar riga, na ɗauke shi a babur zuwa ofishin filaye na jiha, ina tafe ina tsara jawabi. Jami'in ya gaishe mu har da tambayar iyali, ya saurare ni sarai, sannan ya ce, "Malam, hilin nan ya bar hannunmu. Jiha ta sa hannu ta miƙa. Mu kanmu sai mun nemi izini za mu shiga." Na ce to wa za mu gani? Ya nuna kudu da biro, ya ce Abuja. Muka dawo gida haka nan.

Hasumiya kuwa ta tashi. Ranar da aka fara kunna fitilar da magariba, unguwa ta fito kamar sallah, ni ma na manta da ɓacin rai na yi ta ihu da yara.

Bayan 'yan makonni Ardo ya iso. Muka tarar da shi a bakin waya, shanu na tura hanci suna leƙen ciyawar da ta kai ƙugu a ciki. Suka gaisa da Baba, gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida, aka tambayi dabbobi, aka sake tambayar gida, don Baba ya kasa shiga maganar.

Injiniyan da ke kula da wurin, wani mutumin Filato mai fara'a, ya fito daga ɗakin janareta. Na yi masa bayani da Turancina na aji, ya amsa mini da Hausa tsaf, abin da ya ɗan ƙona mini rai. Ya dubi shanun, ya dubi busasshiyar ciyawar.

"Baba, ba ni da ikon in ba ka ko taku ɗaya na ƙasar nan," ya ce. "Amma an umarce ni in share ciyawa kafin gobara ta ci wayoyi. Ba a faɗa mini da me zan share ba."

Ya buɗe ƙofa. Shanu suka kwarara ciki, ni kuwa na yi tsalle da babbar rigata kamar yaro, ina ta kabbara.

Can matar Ardo ta sauke ƙwaryar nono daga kanta, wadda bisa al'ada mai gona ake fara ba ranar sauka. Ardo ya karɓa ya tsaya da ita. Baba ya nuna injiniya da haɓa, ya ce, "Ga mai hili nan, ba shi."

Ardo ya wuce injiniyan ya durƙusa gaban Baba.

"Ni ban san tarayya ba," ya ce. "Kai na sani."

Baba ya karɓa da hannu biyu. Ya daɗe fuskarsa na cikin ƙwaryar, daɗewar da ta wuce ta shan nono, don kada mu ga hawayensa.