Kabarin da ke Gindin Aduwa

Na daɗe ina dama fura a bakin tashar Kalgo, kuma da nonon Jidda nake damawa. Ba ta surka shi da ruwa, ba ta kuma cika ni da surutu. Da hantsi za ka hango ta, doguwa siririya, ƙwarya a ka an rufe da faifai. In ka tambaye ta mutanen gida sai ta ce "sai alheri", ko da rugar tasu na ci da wuta.

A wajen Dodoru aka haife ta, can ƙasar Gwandu. Aure ya kawo ta gidan Hamidu, cikin Fulanin da suka daɗe da zama a bayan garin Kalgo suna noma suna kiwo. Ɗanta na fari sunansa Abdulrahman. Ni ce nake faɗin sunan, ita ba ta faɗa. Mu ma Hausawa muna kunyar ɗan fari, amma tamu wasa ce a kan tasu. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta ma yarda a ce nata ne. Ana yaye shi aka miƙa wa kakarsa. In ya biyo ta tasha ya tsaya a gefe, sai ta ce mini, "Ba yaron can hura," tana kallon wani wuri daban. Ni kuwa in cika masa ludayi in ce, "Karɓi, ɗan da ba shi da uwa." Sai ta ja gyale ta rufe baki tana murmushi.

Ya zama saurayi, ya fara kai shanu fadama shi kaɗai. Wata damina zazzaɓi ya kayar da shi, bai tashi ba. A shekarar nan ruwa ya cinye hanyar maƙabarta, sai aka binne shi a bakin gonar gidansu, gindin wata aduwa. Da na je gaisuwa na tarar da Jidda tana raba wa baƙi ruwan sha, idonta a bushe. Na ce, "Jidda, ya haƙuri?" Ta ce, "Ki yi ma kakarshi, tana ɗaki." Wallahi ranar haushinta na ji. Na koma gida ina cewa wannan mata dutse gare ta a ƙirji.

Bayan nan ta fara makara, kuma kullum hannunta da karcen ƙaya. 'Yarta Maimuna ce ta gaya mini dalili. Ashe ta sauya hanya. Sai ta zagaya ta gindin aduwar, ta sauke ƙwarya, ta sari ƙaya ta jera a kan kabarin don kada shanu su taka. In ta ji tafiyar mutum sai ta duƙa kamar mai tsintar aduwa. Haka ta yi ta yi, har Hamidu ya rasu aka kai shi maƙabartar gari, har furfura ta cika mata kai.

Kalgo kuwa sai faɗi take. Ma'aikatan Birnin Kebbi da ɗaliban jami'a sun cika gari, ɗakin haya ya yi wuya. Sai muka ji wani kamfani zai gina rukunin gidaje babba a bayan gari, kuma gonakin su Jidda na ciki. Mai shela ya zagaya ya ce za a yi taron jin ra'ayin jama'a a filin makaranta, kowa ya zo, har mata.

Na rufe fura na tafi, don na san abin da ke gindin aduwar nan. An kafa rumfuna, maza a kujerun roba, mu mata a tabarma daga baya. An rataye ƙatuwar taswira, an zana gidaje reras. Wanda ya yi bayani wani matashi ne daga kamfanin, mai ladabi, ba zan yi masa ƙazafi ba. Ya yi maganar titi da famfo da makaranta, sannan ya ce:

"Iyayena, ba mu zo mu cuci kowa ba. In akwai rijiya, ko masallaci, ko kabari cikin hilin ga, a hwaɗa muna yanzu mu kewaye shi. In anka hwara aiki, babu gyara."

Wani dattijo ya tashi ya ce akwai rijiyar kakanninsu. Nan take yaron ya sa jan biro ya zagaye wurin a taswira. Da gaske yake, magana ɗaya ce kawai ake bukata.

Na juya na kalli Jibrin, yayan marigayi Hamidu, wanda yanzu shi ne babban gidan. Yana sahun gaba ya harɗe ƙafa. Shi ya shiga ramin ya karɓi gawar yaron nan da hannunsa, ya san wurin sarai. Amma an riga an yi masa alkawarin wani fili a bakin titi, ba ya son abin da zai kawo jinkiri. Ya yi ta jan carbi kamar ba a wurin yake ba.

Sai na ga Jidda ta miƙe. Matar da ko a tasha ba ta ɗaga murya, ta tsaya a gaban taron gari. Aka kawo mata lasifika, ta riƙe ta nesa da baki.

"Akwai wani kwance can," ta ce. "Gindin aduwa."

"To, Inna," in ji yaron kamfani. "Wa ne na? Mi sunanshi?"

Ta kawar da kai gefe.

"Mi ne ne naki, Inna?"

"Na mutanen gidanmu na."

Wasu samari suka yi dariya. Raina ya ɓaci, na tashi ba tare da an ba ni izini ba, na ce da ƙarfi, "Ɗanta na! Ɗan hwarinta, Abdulrahman, can anka bizne shi shekaran da ruwa ya ci hanya!"

Yaron ya ɗaga jan bironsa. Ya ce shi ba zai iya zana kabari da bakin maƙwabta ba, sai dangi sun tabbatar. Ya matso kusa da ita, ya rage murya, amma lasifikar ta kai wa kowa.

"Inna, gaskiya ta? Ɗanki na?"

Ga yayan mijinta a zaune, ga dattawan rugarsu, ga mazan gari kaf sun juyo suna kallonta. Na ce a raina, ki ce i, Jidda, don girman Allah ki ce i. Sai ta sunkuyar da kai, ta ja gyale ta rufe fuska, ta miƙa lasifikar.

Yaron ya juya wajen Jibrin. Jibrin ya ce, "Tsuhwa na, a yi mata haƙuri." Aka kira azahar, taro ya watse.

A hanya na yi wa Jidda tas. Na ce kunyar me, bayan yaron ya zama ƙasa? Ta ci gaba da tafiyarta. Daga baya Maimuna ta je ofishinsu, aka ce mata lokacin jin ra'ayi ya wuce. Rani na kamawa katafila ta shigo, aduwar ce ma farkon abin da ta tuge.

Yanzu gidaje ne a wurin, layi bayan layi, fenti ɗaya, ƙofa iri ɗaya. Jidda ta daina kawo mini nono, unguwar take shiga da ƙwaryarta. Rannan na bi ta don in ga abin da take yi. Na same ta a ƙofar wani gida, matar gidan, wata baƙuwa, ta fito da bahon wanki za ta watsa a gindin katanga. Jidda ta tare ta da hannu biyu.

"Don Allah, ɗiyata, ki bar zuba ruwa nan. Ɗana Abdulrahman shina kwance nan."

Tunda na san ta, ranar na fara jin sunan a bakinta. Ta faɗe shi sarai, ba rawar murya.

Matar ta ajiye bahon a tsorace. "Innalillahi! Nan daidai, Inna? To nuna mini wurin, in kiyaye."

Jidda ta dubi katangar, ta dubi ta gidan da ke kusa, ta dubi ta tsallaken titi. Ta daɗe tana dubawa.

"Ban sani ba," ta ce.