Shanyar Shinkafa a Kan Jirgin Kawu

Abin da idona ya fara sauka a kai ranar da aka kawo ni gidan Kawu Garba a wajen Hunkuyi, damina ta biyu da samun mulkin kai, shi ne wani faffaɗan katako jingine da rumbu, ya kantare kamar busasshiyar fata. Karatu aka kawo ni, makarantar kuwa tana ƙetaren rafi, in ya kawo sai a yi mako ba a haye ba. Shi ya sa Kawu ya karɓi kayan kwalekwale a hannun wani Baturen gona da zai koma gida: siririn katakon filawud yankakke, ƙusoshi, gam da takardar haɗawa. Ya ɗauko Bitrus kafinta, mutumin kudancin Zariya, ya sauke shi a zaure.

Na tarar gidan ko gaisuwa ba a yi. Katakon da ya kantare shi ne ƙasan jirgin, ko an danna shi sai ya ɗago ya tofo ƙusa. Kawu ya ce Bitrus ne ya bar shi ruwa ya doke shi. "Kafintan banza, ko kujerar tsakar gida ba ka iya ba!" Bitrus ya ce, "Maigida, ba ni kwana uku. In jiƙa cikinsa, in kife shi a inuwa, in danne da dutsen niƙa, zai miƙe." Kawu ya ce yaushe ruwan da ya ɓata abu ya gyara shi? Ya watso masa akwatin aikinsa waje, ya rantse ran Laraba sai gaban alƙali. Masu wucewa gona kuma suna ƙara zuga Kawu, "Sarkin jirgi, yaushe za mu Makka?"

Ni ba mai magana ba ce, sai kallo. Ina cikin shara na leƙa bayan katakon, na ga ƙwayoyin shinkafa maƙale a bakinsa, ga shatin danshi ya zagaye tsakiya. Na san shatin nan, haka yake fitowa a tabarmar gidanmu. Ashe Inna Ladi, matar Kawu, ce ta turara shinkafa, ta ga abu shimfiɗaɗɗe mai santsi, ta baza ta a kai da zafinta. Ina ɗagowa muka haɗa ido. Ta murɗe min kunne har na ga wuta, ta ce, "'Yar boko, ido aka ba ki, ba baki ba."

Yanzu gada ce a wurin, yara suna hayewa da takalmansu a ƙafa, ba wanda ya san rafin ya taɓa hana kowa karatu. Ni kuwa har yau in na wuce sai safiyar Talatar nan ta dawo min: Bitrus zaune kan akwatinsa a ƙofar gida, ba wanda ya miƙa masa koko. Na iske Inna a madafi, na durƙusa.

Na ce, "Inna, don Allah ki faɗa wa Kawu da bakinki kafin gobe. In kunnen ne, ga ɗayan."