Mutumin da Ke Bakin Gada

Da yaƙi ya matso garinmu Hasahisa, mijina ya sa mu a lori, ni da 'yata da ƙanena, ya ce mu tafi wajen gwaggona a wani ƙauyen Hausawa kusa da Suki. Shi bai biyo mu ba. Alkamarsa na cikin hawasha, gonar ban-ruwan da ya gada, ya ce sai ya girbe tukuna. Ba a jima ba shabaka, wato layin waya, ta ɗauke, muka daina jin muryarsa.

Gidan gwaggo ya cika da baƙi irinmu. Ba makaranta, kuma an hana yara zuwa bakin kogi. 'Yata, wadda a lokacin ba ta kai shekara goma ba, kullum tana ƙofar gida tana duban hanya.

Ƙanena ɗalibin jami'a ne kafin a rufe ta. A wayarsa akwai hotunan tsofaffin zane-zanen Turawa: duwatsu, dazuzzuka, rusassun ganuwoyi. Ya ce da su yake ƙirƙirar ƙasashen wasa shi da abokansa. Bayan la'asar sai ya tara yaran a inuwar rakuba, rumfar kara ta tsakar gida, ya nuna musu hoto ɗaya, kowa ya zaɓi abin da zai zama, wannan maharbi, waccan mai jin maganar tsuntsaye. Shi kuma ya riƙa faɗa musu abin da ke bayan dutsen, inda mai zanen bai kai ba. Idan yaro ya yi niyyar abu mai haɗari, sai ya watsa ƙwallayen dabino da aka shafa wa gawayi a gefe guda. In baƙi ya rinjaya, abin bai yiwu ba. Gwaggo ta ce wannan ya yi mata kama da caca, amma da ta ga yara sun zauna wuri ɗaya, ba ta ƙara magana ba.

Wata rana ya buɗe musu hoton wani kogi da gadar dutse. Baƙin hadari ya taso daga gefe, ga wani ɗan mitsitsin mutum tsaye da saniyarsa a gaban bukka. 'Yata ta ce akwai dodo a cikin hadarin, kuma ita ce za ta ƙetarar da mutumin. Ƙanena ya yi muryar mutumin, ya ce saniyarsa ba ta hawa gada, shi kuwa ba zai bar ta ba. Ta roƙe shi, ta watsa ƙwallaye, suka fito baƙi. Washegari ta hana a canza hoto. Haka aka yi ta yi, sauran yara suka gaji, ita ko gezau.

Na ja ƙanena gefe na ce ya bar ta ta ci mana. Ya ce ya gwada juya ƙwallo ɗaya, ta kama shi, ta ce a sake. Ya ce sai dai in shiga wasan da kaina.

Na zauna a tabarma a matsayin wata matafiya. Na fara da wasa, ina ce wa mutumin hadari ya kusa. Ban san sa'ad da na daina wasa ba.

"Saniyar nan ta fi 'yarka ne?" na ce. "In ka mutu a kanta, wa zai zo ya faɗa mana?"

Ƙanena ya dubi wayar, sannan ya amsa da muryarsa ta gaske.

"Yaya, ban san abin da zai ce ba."

Ba a watsa ƙwallaye ba ranar. 'Yata ta taso ta zauna a jikina, gwaggo ta kira yara su zo su ci kisra, wainar dawa mai faɗi.

Can wani direban lori ya kawo labarin an ga mijina da rai, ya nufo kudu da ƙafa. Wannan jiran ya fi na farko wuya, don duk wanda ya iso sai ya ba da labarin shingayen hanya. Mijina ya iso wata safiya, ƙafafunsa a kumbure, ba alkama, ba ko jaka. Ban tambaye shi gonar ba, shi ma bai faɗa ba.

Ƙafarsa ba ta gama saɓewa ba aka fara raɗe-raɗin cewa yaƙin ya doso Suki. Gwaggo ta ce ita ta tsufa da gudu. Muka yi da ita har muka gaji, sannan muka kama hanyar Damazin, muka bar ta da maƙwabtanta.