Ranar da Wayata Ta Nutse a Wurin Su

A lokacin ina malamin makaranta a Adabka, kuma gwani ne ni wajen ɗage rayuwa zuwa baɗi. Na karanta littattafai da yawa a kan yadda ake jin daɗin duniya, shi ya sa ban samu sukunin jin daɗinta ba. Mahaifina masunci ne a wani ƙauye kusa da Gummi. Duk rani, idan ruwa ya janye, ana yin su a tafkinmu, wato gari duka ya faɗa ruwa lokaci guda a kama kifi. Kowace shekara Baba kan aiko in zo in riƙe masa gora, ni kuma in ce jarrabawa ta tsare ni, sai baɗi.

A wannan shekarar Inna ce ta kira ni da kanta. Ta ce cutar yanar ido ta kusa rufe idon Baba, kuma ya faɗa mata wannan ce shigarsa ruwa ta ƙarshe; idan ina da wani baɗin, in ajiye wa ɗalibaina. Na hau babur, hanyar ta girgiza ni har na manta rabin nahawun da na sani. Amma kuskurena bai ƙare ba: na isa bakin tafki cikin farar shadda, da sabuwar waya a hannu, da niyyar ɗaukar komai don in kalla daga baya a natse.

Sarkin ruwa ya ba da izini, ganguna suka ɗauka, jama'a suka rufta ruwa kamar an ɓalle kasuwa. Ina tsaye a tudu ina neman inda hoto zai fi kyau, Baba kuwa ruwa iya ƙugu, komar kamun kifi a hannu, yana laluben inda zai sa ƙafa, yana juya kai wajen da yake zaton nake. Sai ya ɗaga murya ya ce, “Malam, kai ka zo, ko wayar ga ta zo a madadinka?” Abokan wasanmu suka fashe da dariya, wani ya ce a bar malam, kifi bai iya Turanci ba.

Ban san lokacin da na shiga ba. Taɓo ya cinye takalmina, wayar ta sulale daga aljihu, ban ko waiwaya ba. Na kama hannun Baba, na zama idonsa, ina faɗa masa dama ko hagu. Da wata ƙatuwar tarwaɗa ta faɗa komarmu, ta kada mu duka biyu muka zube, muka taso muna tari muna dariya, kifin na rungume a ƙirjina. Rabon da in ji dariyar Baba haka tun ina yaro.

Baɗin da nake dogara da shi bai zo ba. Hanyoyi suka daina aminci, aka dakatar da bikin su, idon Baba ya rufe. Ba ni da hoto ko ɗaya. Amma duk zuwana gida sai ya ce in ba shi labarin ranar, kuma ina iyawa, domin ina wurin. Tarwaɗar dai kullum ƙara girma take, shi kuma bai taɓa gyara mini ba.

'Yan'uwa, idan wani naku ya kira ku ruwa, ku shiga da shaddar. Tana wankuwa.