Asirin da Maigidana Ya Binne a Gonar Gyaɗa

Shekarar da na yi cikin fari, abu ɗaya na roƙi maigidana: kada ya tafi cin rani. Muna zaune a wani ƙauye kusa da Rawayau a ƙasar Kurfi, ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Mazan garin, da an gama kaka, sai su saɓa buhu su nufi Kurmi dako, ba a sake ganinsu sai hadari ya fara haɗowa. Ni kuwa a lissafina tsakiyar rani zan haihu. Uwata ta rasu, dangina suna can wajen Dabawa. Tsoro nake ji, tsoro na gaske, ban kuma ɓoye masa ba. Ya ce in gyaɗa ta yi, ba inda za shi.

To, gonar tamu jigawa ce da ta gaji tun zamanin kakansa. Yashi ne fari fat, ruwa na sauka ya zarce. Gyaɗa in ta fito sai ta tsaya a yamutse, ganye ɗorawa-ɗorawa. Ba mu da shanun taki, Fulani kuma a gonar mai ba su dawa suke sauka.

Ana dab da shuka sai ga malamin gona na En'e daga Dutsin-Ma, a kan keke, da gajeren wando da alƙalamai jere a aljihu. Ya tara maza a ƙofar gidan mai gari ya ce ya zo da wani sabon abu na gwaji, yana neman manomi ɗaya. Maigidana aka zaɓa, don ya fi kowa kutsawa gaba da cewa "haka ne" tun kafin a gama magana.

Malamin ya biyo shi har zaurenmu ya maimaita bayanin. Ina daka a tsakar gida, na jingine taɓarya na kasa kunne. Ɗan gwangwani ne cike da baƙar ƙasa mai danshi. Ya ce a cikinta akwai ƙananan halittu masu rai, ido ba ya ganinsu, rana tana kashe su. In suka shiga saiwar gyaɗa sai su yi gida a jikinta, 'yan ƙulle-ƙulle kamar ƙuraje, su riƙa jawo mata abinci daga iska, ita ma tana ba su nata. Ya ce a jiƙa ƙaro, a dama ƙasar da shi, a cuɗa irin a inuwa, a shuka a ranar. Ni da ke bayan katanga na haddace tsaf.

Da yamma maigidana ya sa gwangwanin a aljihu ya nufi wajen Kawu. Kawu ƙanin uwarsa ne. Ya daɗe rabonsa da fartanya saboda ciwon baya, gonarsa ƙuduji ya cinye ta, amma a ba da shawarar noma babu kamarsa a ƙasar Kurfi. Tare suka dawo suka zauna a zaure, ni kuma na sake jingine taɓarya.

"Ba a ganinsu, ka ce?" in ji Kawu.

"Ba a ganinsu, Kawu."

"Ba su son rana, kuma ƙarƙashin ƙasa suke aiki? Kai yaro, wanga ai asiri ne. To mi ya ce a yi da shi?"

Maigidana ya faɗa masa batun ƙaro da cuɗawa. Kawu ya yi dariya har da tari.

"Ka taɓa jin wanda ya ba da asiri kyauta, da rana tsaka, gaban jama'a, ya kuma hwaɗi yadda ake yinshi? Wancan bayani na 'yan kallo ne, don kowa ya kwaikwaya ya ɓata. Asirin gona binne shi ake. Ka samu ƙaho, ka liƙe baki, kusurwa huɗu."

Da maigidana ya shigo na ce, "Maigida, ka yi yadda mai abin ya ce mana." Ya dube ni da tausayi, ya ce harkar ƙasa ba ta mata ba ce. Daga nan ya nemi in ba shi kakin zuman da nake ajiya, ya kuma kwance ƙahonin ragunan layya da ke rataye a rumbu. Ya raba ƙasar gida huɗu, ya ɗura, ya liƙe kowane ƙaho liƙis, yadda ko tururuwa ba za ta samu hanya ba. Bayan sallar asuba ya je ya binne su, ya shuka gyaɗarsa tsirara kamar kowace shekara.

Daminar nan na ga taƙama. Ya hana kowa ratsa gonar. In ya isa kusurwa sai ya rage murya ya yi sallama. A masallaci ana tambayarsa yaya gwaji, sai ya shafa gemu ya ce akwai maganar da ba a yi a bainar jama'a. Ruwa ya yi ta yi mana rowa, gyaɗa ta tsaya yadda ta saba tsayawa, shi kuwa ya ce ai daga ƙasa suke fara aiki. Ni ina ta duban gonar, cikina yana ta girma. Malamin gona kuwa, da ya ce zai riƙa leƙowa, ko ƙarar ƙararrawar kekensa ba mu ji ba. An ce ba ya son taɓo ya taɓa masa taya.

Sai da aka kusa cira, hanya ta bushe, sannan ya bayyana. Na kai fura gona na tarar da su, shi da maigidana da Kawu. Malamin ya tuge gindi ɗaya ya kakkaɓe yashi, ya duba saiwar, ya tuge wani. 'Yan ƙullin da ke jiki ba su taka kara sun karya ba, 'ya'yan kuma rabi fanko.

"Ka cuɗa da ƙaro kamar yadda na ce?"

Maigidana ya ƙifta masa ido. "Ranka shi daɗe, mun gane. An yi shi yadda ake yi."

Ya ja shi kusurwar gabas, ya sa hannu ya tono ƙaho ya miƙa masa da hannu biyu, yana jiran yabo. Malamin ya juya shi, ya ɓamɓare kakin da farce, ya zazzage a tafinsa. Busasshiyar ƙura ce, iska ta ɗebe rabi. Ya zauna daɓas a kan kunya ya cire hula.

"Malam, ka kulle su da yunwa," ya ce. "Ga saiwa nan, taƙi ɗaya tsakaninsu, ka liƙe musu ƙofa." Sannan ya ce, "Yanzu ni me zan je in faɗa a ofis?" Damuwarsa ke nan duka. Ya karkaɗe wandonsa, ya karɓi gwangwaninsa, wai kayan hukuma ne, ya hau keke.

Na ɗauka yanzu kam Kawu zai ji kunya. Ina! Ya bari ƙurar keken ta lafa, ya nuna ni da sandarsa.

"Ga abin da ya karya shi nan. Mace ta san wurin, ga ta da ciki, tana shiga gona. Wane asiri ne zai ci?"

Na dubi maigidana ina jira ya ce wani abu. Ya san wadda ta ce masa ya cuɗa. Ya dubi ƙahon, ya dubi Kawu, sannan ya dube ni ya ce, "Da ma sai da raina ya ba ni." Ban taɓa jin zafin magana kamar wannan ba. Na ɗauki ƙwaryata na koma gida, furar ma ban bar musu ba.

Gyaɗar da aka cira, da aka ware iri, saura ba ta isa a kai sikeli ba. Awaki dai sun samu harawa. Ana gama kai dawa rumbu ya saɓa buhunsa. A bakin zaure ya tsaya ya ce in kwantar da hankalina, ya bar ni a hannun Kawu.

Na haihu a tsakiyar rani, maƙwabciya ce ta riƙe ni. Ranar suna Kawu ne ya zauna a mazaunin uban ɗa, ya raɗa wa yaron suna, ya ci hanta, ya karɓi barka. Da aka gama fiɗar ragon, sai ya aiko a faɗa mini in ajiye masa ƙahonin da kyau, za su yi amfani baɗi.