Bukar ya tafi, littafin Baba Malam ya ƙi buɗuwa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina buɗe shago da safen nan aka kira ni daga Auyo, wai Bukar ya rasu. Ɗan zazzaɓi ne fa kawai.

Wallahi kaina ya kulle. Har na ɗauko waya zan kira shi in ji ko gaskiya ne.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Bukar mai gyaran kwamfuta ne, ni kuma ina da shagon buga takardu a Haɗejia. Akwai wata tsohuwar manhaja da muke buga ajami da ita, ba ta aiki a sababbin kwamfutoci. Shi ya samo wata manhajar mai shiga tsakani, ya haɗa su, aiki ya tashi. In ta yi gardama sai ya hau babur ya zo, ya danna nan ya danna can, ya sha shayi ya tafi. Ko sau ɗaya bai taɓa ɓata rai ba.

Kuma ba rowar sani yake ba. Mu dai a nan, da wane baki za ka ce wa mai rai ya rubuta yadda yake aikinsa saboda wata rana? Sai ka ji kamar fatan mutuwa kake masa.

Ganinmu na ƙarshe, ya nuna mini bayanin da masu manhajar suka rubuta, yana ta dariya. Ya ce, "Yaya, duba nan. Wai ka saka abubuwan da ake buƙata. Waɗanne? A ina? Mutanen nan junansu suka rubuta wa, ba mu ba. Bari a gama yankan shinkafa, bidiyo zan yi da Hausa."

Da muka dawo daga jana'iza na kunna kwamfutar, ashe ta yi sabuntawar nan tata, manhajar ta ƙi buɗuwa. Na karanta bayanin nan har idona ya yi ja, ban tsinci komai ba.

Matsalar ita ce waƙoƙin wa'azin Baba Malam na Kirikasamma da muke haɗa masa su zama littafi duk suna ciki. Dattijo ne, ambaliya ta cinye takardunsa na asali, idonsa kuma ya yi rauni, ba zai iya sake rubutawa ba.

Ɗazu ya kira ni ta'aziyya. Kafin ya kashe ya ce, "Ɗana, littafin dai yana nan ko?"

Na ce, "Yana nan, Baba." Ya ce alhamdulillahi. Ni kuma na kasa gaya masa sauran.

Allah ya jiƙan Bukar, ya haskaka kabarinsa, ya bai wa iyalansa haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta wannan ya yi masa addu'a. Ku haɗa da Baba Malam, Allah ya sa ya riƙe littafinsa a hannu yana da rai.