Gaisuwar da Ta Riga Labari Zuwa

Ranar wata Talata a watan Fabrairu na shekarar 2004 na dawo daga makaranta, na laluba wuyana, na ji babu makullin da Inna ta rataya mini. Zaren ya tsinke a hanya. Shekarata tara, ba mu daɗe da zuwa daga Maradi ba, Turancina kuwa bai wuce na gaisuwa da neman izinin zagayawa ba. Na zauna a matakalar hawa na huɗu na gidanmu a unguwar Tremont ta birnin New York, ƙanƙarar da ta maƙale a takalmina tana narkewa tana jiƙa mini safa. Ban yi kuka ba, don an hana ni kuka a waje. Ina nan har hasken taga ya fara ja, sai ƙofar da ke kallon tamu ta buɗe. Wata gajeriyar tsohuwa mai ƙananan idanu ta leƙo, sanye da farin mayafi har gwiwa, da alama salla ta idar. Ta dubi ɗankwalina, ta dubi jiƙaƙƙun ƙafafuna, ta ce, "Assalamu alaikum." Ban taɓa zaton mai irin wannan fuskar ta san sallama ba. Na amsa, ta miƙo hannu, na bi ta.

A Maradi ban san mene ne zama ni kaɗai ba. Gidan kakanmu ɗaki ne bayan ɗaki, da rijiya a tsakar gida da turken awaki a bayan madafa. Da safe mu yara mu yi shara, mu ja ruwa, mu kai dusa, da yamma mu baje a ƙofar gida muna carafke har a kira magariba. A Tremont sai na tarar da ɗaki biyu da bututun ɗumama ɗaki mai ƙara kamar ana dukan tasa. Baba yana tsaye a teburinsa na huluna da safar hannu a Fordham Road tun safe, Inna tana kitso a wani shago a Harlem sai bayan isha'i. Dokokinta a jere suke: in na shigo in kulle, kada in amsa wa kowa, kada in taɓa murhu, kada in leƙa taga. Ban ƙetare ko ɗaya ba sai ranar da makulli ya ɓace. Washegari Inna ta kai wa tsohuwar kwanon dambu da zogale, ta dawo ta ce mini, "Tana salla, ɗakinta da tsabta. Can kaɗai na yarda ki shiga."

Sunan da tsohuwar ta ce in riƙa kiranta da shi Nenek ne, wato kaka a harshensu. Mutuniyar Indonesiya ce, daga wani gari na bakin teku a yankin Aceh. Ɗanta Hasan ne ya kawo ta, shi kuma yana aiki a wani gidan abinci, ba ya dawowa da wuri. Ita ma wuni take ita kaɗai. Zamanmu yana da tsari, kuma tsarin ya yi mini. Da farko in cire takalmi in jera su a bakin ƙofa, sannan alwala da la'asar, sannan shinkafa da busasshen kifi da wani yaji da take niƙawa a faifan dutse. Bayan ci sai aiki, ni in ɓare tafarnuwa, ita ta yanka albasa. In mun gama ta ɗauko wani katako mai ramuka kamar na dara, mu yi ta zuba ƙananan wuri rami rami, tana cinye ni tana dariya ba haƙora. Daga ƙarshe ta danna tsohuwar kwamfutar da Hasan ya saita mata a kan rediyon ƙasarsu, ta shimfiɗa jaridar da yake kawo mata daga Queens, ta ɗaga mini yatsa alamar a yi shiru.

Haka na bi labaran ƙasar da ban taɓa gani ba har shekara ta zagayo, ina fahimtar rabi daga hoto, rabi daga fuskarta. A farkon shekara cutar kaji ce da wani zazzaɓin sauro da ya cika asibitoci. Ta nuna mini hoton yara a kwance, ta mari damtsenta kamar mai kashe sauro. A watan Afrilu aka yi zaɓen 'yan majalisa. Hasan ya kai ta ofishin ƙasarsu, ta dawo da tawada a ƙaramin yatsa tana nuna mini kamar sabon zobe, ta ɗauki ƙusa ta huda takarda don in ga yadda suke zaɓe. Da zafi ya shigo aka yi na shugaban ƙasa, ba a gama ba sai da aka sake a Satumba, watan da bam ya tashi a babban birninsu ta wuni tana jan carbi. In an ambaci sojoji da 'yan tawaye a yankinsu, sai ta tashi ta je ta taɓa hoton da ke manne a firij. Ɗiyarta Nur ce a ciki, da mijinta da yara uku, ta tsakiya sa'ata. A makaranta ban san sunan kowa a ajinmu ba sai na malama, amma na san sunayen yaran nan uku, na san kuma duk Lahadi Nenek takan sayi katin waya ta yi ta ɗaga murya da su. Wannan ƙofar ita ce duk abin da na mallaka a New York.

Ranar Lahadi, ashirin da shida ga Disamba, Baba ya naɗe teburinsa da wuri ya dawo ya kunna talabijin. Ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin teku, ruwa ya taso ya hau garuruwa. Da aka nuna taswira na gane wurin, don Nenek ta sha ɗora yatsana a kansa. Washegari hotuna suka fara fitowa, laka da katakai da jiragen kamun kifi a tsakiyar titi. Inna ba ta je kitso ba. Ta sauka hawa na biyu ta kira Hajiya Rabi, 'yar Kumasi mai aikin jinyar tsofaffi, da Mariyama matar mai shago. A wurinmu gaisuwar mutuwa ba a jinkirta ta, wanda ya makara shi ake zargi. Suka dafa shinkafa da miya, suka yafa manyan mayafai, suka ɗauki tabarma, aka sa ni a gaba don ni ce na san bakinta.

Mun tarar da ita zaune a ƙasa, waya a cinya, tana danna lamba tana saurare tana sake dannawa. Hasan ya fita neman labari wurin 'yan ƙasarsu. Ta yi murna da ganinmu, har ta yunƙura za ta ɗora shayi. Matan suka shimfiɗa tabarma suka zauna a jere, kai a sunkuye, suka shiga "Ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri." Wannan ba ta gane ba. Sai Hajiya Rabi ta tambaye ni sunan ɗiyar, ta ɗaga hannuwa ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Nur, Allah ya sa ta huta." Wannan kam ba ya bukatar tafinta. Nenek ta ajiye wayar, ta taso, ta kama hannuwan Hajiya biyu ta danne su ƙasa. Ta faɗi kalmar da take faɗa mini in na buɗe tukunya shinkafa ba ta nuna ba, ma'anarta tukuna. Ta yi ta maimaita ta, muryarta tana hawa. Sannan ta naɗe tabarmar da kanta, ta miƙa wa Inna tare da kwanon abincin, ta buɗe ƙofa ta tsaya. Ni ma da nake ta ƙarshen fita ba ta dube ni ba.

A matakala Hajiya Rabi tana gyara mayafi ta ce wa Inna, "Ke Hadiza, ruwan da ya ɗora jirgi a kan titi, wa zai bari? Mu dai mun sauke nauyi." Inna ta ce abin da muka sani muka yi. Da Baba ya ji, sai ya ajiye cokali ya ce, "Kun ga gawa? Kun ji daga bakin wanda ya gani? To kun je kun binne ma baiwar Allah ɗiya tana riƙe da waya." Ban sake jin an ta da maganar a gidanmu ba.

Da aka koma makaranta na ci gaba da ƙwanƙwasa ƙofar kullum kafin in buɗe tamu. Ina jin rediyo a ciki ana karanta sunaye, suna bayan suna, ba kiɗa ba talla. Ba a buɗe ba. Na koma kan dokokin Inna na farko. Nakan yi la'asar, in ci tuwon da aka ɗumama mini da safe ya huce, in zauna a bayan ƙofa inda nake jin motsin silifas ɗinta. Ɗakin bai canza ba, amma ya fi na bara faɗi da shiru. Kakata ta Maradi takan ce, "Sabo ake wa kuka," sai a lokacin na san abin da take nufi.

Ana saura kwanaki kaɗan Babbar Salla, wata Asabar da hantsi, aka ƙwanƙwasa mana. Nenek ce da farin mayafinta, ta rame har ƙasusuwan kuncinta sun fito. Ta riƙe kafaɗata ta ce da ɗan Turancinta in gaya wa Inna yanzu su zo. Wani maƙwabcinsu da ya tsira ya ga Nur da mijinta da yara biyu a cikin waɗanda aka binne. An sami ƙaramin a wani sansani. Inna ta ɗauko tabarmar nan, aka kira Hajiya Rabi da Mariyama. Wannan karon Nenek ce ta fara ɗaga hannuwa, ta juya ta jira Hajiya ta ja addu'ar, Hajiya kuwa kuka ya hana ta kai ƙarshen Fatiha. Sun zauna da ita har kwana uku, suna karɓar juna, ni kuma na koma ɓare tafarnuwa.

Ƙofar ta buɗe, amma ba ta daɗe ba. Yaron da ya rage ba shi da kowa sai ita. Kafin sanyi ya wuce Hasan ya saya mata tikitin komawa ƙasarsu, ranar tafiyar ina makaranta. Na dawo na ƙwanƙwasa, shi ya buɗe, ya ce ta bar mini gaisuwa. Bayan wata biyu ya tashi daga gidan, babu wanda ya yi tunanin karɓar lambarsa.

Yau ina zaune ba nisa da wannan gidan, ina jinyar tsofaffi kamar yadda Hajiya Rabi ta yi. 'Ya'yana ina yi musu Hausa suna amsa mini da Turanci, labarin ambaliya ko girgizar ƙasa yakan zo musu a waya su ture shi da yatsa. Ban san sunan mai ƙofar da ke kallon tamu ba, ban kuma san ko Nenek ta rayu ta ga girman yaron ba. Matan unguwarmu suna cewa ina da nawa wajen zuwa gaisuwa, don sai na tsaya na tambaya wa ya gani, wa ya tabbatar. Ba na musa musu. Jira ma haƙƙin mai shi ne.